Kayan Kaka Da Kakanni: Darasi A Kan Adanawa Da Gyarawa

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani fanni ne da ba kasafai ake kawo shi a shafukan mata ba, wato ilimin kula da kayan tarihi da al'adun da aka gada. Wata za ta ce ai wannan aikin gwamnati ne da ma'aikatan gidan tarihi. To amma ki tsaya ki duba. A gidajenmu na ƙasar Hadejia, tun daga nan Birniwa har Guri da Kiri Kasamma da Auyo, a ɗakin wa ake ajiye gafakar da tsohon malam ya bari? Wa ke riƙe da makullin adakar da alkyabbar kakan maigida take ciki? Uwargida ce. Kuma ranar da ruwa ya shigo gida, Allah Ya kiyaye, ita ce za ta zaɓi abin da za a fara ɗauka. Masu wannan ilimi suna da wasu kalmomi da suke aiki da su, sai na ga ya dace mu san su da harshenmu, domin yawancin kayan da muke rasawa a hannun masu son su suke lalacewa, wajen ƙoƙarin gyara.

Gado iri biyu

A ajin fiƙihu idan aka ce gado, hankalinmu yana tafiya ne kan dukiyar mamaci da ake rabawa tsakanin magada, kowa da kason da shari'a ta yanka masa. A wannan fanni kuwa, gado shi ne duk abin da al'umma ta tarar a hannun magabatanta, take amfana da shi, kuma ya zama haƙƙi a kanta ta miƙa wa na baya. Na farko ana raba shi ya zama mallakar wani. Na biyu amana ce, wanda yake hannunsa mai tsaro ne na ɗan lokaci.

Inda gizo ke saƙar shi ne, abu ɗaya yana iya zama duka biyun. Ɗauki misalin littattafan rubutun hannu da malami ya rasu ya bari. Kin san littattafanmu na da ba ɗinke su ake yi ba, warƙa-warƙa suke a cikin tadarishi, a saka a gafaka. Sai a zo rabon gado, don gudun kada a ce an fifita wani, a kasa littattafan kashi-kashi. Wannan ɗa ya tafi Gashuwa da nasa, waccan 'ya ta tafi gidan miji a Malam Madori da nata, wani lokaci ma rabin littafi ɗaya yana hannun wannan, rabi yana hannun wancan. Bayan shekara ashirin babu mai cikakke. Kalmar da masana ke amfani da ita a nan za mu iya kiran ta cikar abu, wato kasancewar dukkan sassan da suke ba shi ma'ana suna wuri guda. Littafin da aka raba ya rasa cikarsa ko da warƙa ɗaya ba ta yage ba. Shari'a kuwa ba ta rufe mana ƙofa ba: magada baligai suna iya yarda a yi wa littattafan kuɗi ɗayansu ya ɗauka a cikin kasonsa, ko su haɗu su mayar da su waƙafi, domin a mazhabarmu ta Malikiyya waƙafin littattafai ya halatta. Idan akwai marayu a ciki, sai a koma ga alƙali ko malamin da ya san gado, kada a yi gaban kai da haƙƙinsu.

Wanda hannu ke taɓawa da wanda ke cikin ƙirji

Masana sun kasa gadon al'umma gida biyu manya. Akwai wanda hannu ke taɓawa, shi ma iri biyu ne. Mai ɗaukuwa, kamar littafi, akushi, tasa, zanen saƙi, takobi, sirdi. Da marar ɗaukuwa, kamar masallaci, ganuwa, tsohuwar rijiya, ko zanen da mutanen da suka yi a jikin duwatsun Birnin Kudu a nan jiharmu ta Jigawa. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi yarjejeniya a 1972 domin kare wurare irin waɗannan da suka shahara, kuma a ƙarƙashinta aka sa Sukur ta jihar Adamawa a 1999, da tsohon garin Agadas na Nijar a 2013.

Sai kuma wanda hannu ba ya taɓawa, wanda mazauninsa ƙirjin mutane ne da harshensu da yatsunsu: harshe, tatsuniya, kirari, waƙar daka da ta reno, sanin saƙar tabarmar kaba da faifai, sanin haɗa kayan wankan jego. Sai a 2003 aka yi wa wannan tasa yarjejeniyar. Bikin kamun kifi na Argungu ya shiga jerinta a 2016, hawan Sallah na Kano ya shiga a 2024.

Wannan kashi na biyu shi ya fi ba ni tsoro, domin ba a jin ƙarar faɗuwarsa. Katanga idan ta zube unguwa duk sai ta ji. Harshe kuwa fa? A nan masarautar Hadejia an yi harshen Auyokawa a Auyo, an yi na Teshenawa a yankin Kafin Hausa, dangin harsunan Bade da Ngizim ne. Yau babu mai magana da ko ɗaya, abin da ya rage 'yan kalmomi ne da masu bincike suka rubuta. Ba yaƙi aka yi aka ƙwace su ba. Wata rana ce kawai iyaye suka daina yi wa 'ya'yansu magana da su. Ke da kika tashi a gidan Mangawa, ko na Badawa, ko na Fulani, kike jin kunyar yi wa ɗanki yaren gidanku don kada a ce ke 'yar ƙauye ce, ki tuna da Auyo. Shi ya sa a wannan kashi ba a cewa adanawa, rayawa ake cewa. Faifan da aka rataye a gidan tarihi an adana shi. Sana'ar faifai kuwa ba ta rayu ba sai ranar da yarinya ta zauna kusa da kakarta ta riƙe basilla.

Akwai wani abu na uku da ya shafe mu mutanen bakin kogi kai tsaye, wato ƙasar da aikin mutum da halittar Ubangiji suka haɗu suka siffanta ta. Fadamarmu ta Hadejia zuwa Nguru irin wannan ce. Ruwa ya cika da damina a yi shinkafa, ya ja baya a bi shi da noman rani, masunta su shiga da koma da birgi, makiyaya su sauko da shanu idan ciyawa ta ƙare a tudu, kowa ya san lokacinsa da iyakarsa. Wannan tsari shi kansa gado ne. An sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000, Baturiya ta bi baya a 2008. Amma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwan ta canza, ciyawar kacala ta toshe hanyoyi da yawa, wasu wurare suka bushe, wasu ruwa ya zauna musu. Idan tafiyar ruwa ta canza, ilimin tsofaffi na sanin wane irin shinkafa ke jure zurfi da wace gona ruwa ke fara saki sai ya rasa wurin aiki, matasa kuma su daina tambaya.

Me ya sa za a ajiye shi?

Kafin masana su taɓa abu, tambayar farko da suke yi ita ce: mene ne darajarsa, kuma a wurin wa? Daraja a nan ba kuɗi ake nufi ba. Abu yana iya zama da darajar tarihi, kamar wuraren da ke tuna wa mutanen Hadejia da yaƙin 1906, inda Sarki Muhammadu Mai Shahada ya tsaya wa sojojin Ingila har aka kashe shi. Yana iya zama da darajar ilimi, ko ta gwaninta, ko ta zumunci kawai, kamar ƙwaryar da aka yi wa kakarki jere da ita. Amfanin wannan tambaya shi ne tana nuna maka abin da ba za a taɓa ba. Idan darajar tasa a zanen da maƙeri ya yi mata take, to wanke ta da yashi kowace Sallah har zanen ya shafe kashe ta ne, ko da tana walƙiya kamar sabuwa.

Na san akwai mai tambaya a zuciyarta, kuma tambaya ce mai kyau: Malama, a cikin kayan da da al'adun da ai akwai waɗanda suka saɓa wa addini, su ma mu adana? A nan sai mu bambance tsakanin aikata abu da rubuta labarinsa. Al'adar da ta ci karo da shari'a ba a raya ta, wannan babu ja a ciki. Amma sanin cewa an yi ta, da yadda aka bar ta, ilimi ne. Malaman Musulunci na farko su ne suka tattara waƙoƙin Larabawan jahiliyya, kuma masu tafsiri suka riƙa komawa gare su domin gane ma'anar kalmomin Larabci. Ni dai abin da na fi gani a gidajenmu ba ajiye haram ba ne. Abin da na fi gani shi ne zubar da halal saboda ya tsufa, a ba da akushi a karɓi roba.

Matakai huɗu da ake rikitawa

Ga zuciyar darasin. Mu da Hausa komai gyara muke ce masa, su kuwa sun raba shi hawa-hawa, kuma ƙa'idarsu ita ce ba a hawa mataki na gaba sai na baya ya gaza.

Matakin farko shi ne riga-kafi, wato ba ki taɓa abin ba sam, wurin da yake zaune kika gyara. Kin ɗaga adaka daga ƙasa kin ɗora a kan benci saboda danshi da gara. Kin matsar da ita daga jikin bangon da ruwa ke duka. Kin sa an share indararo kafin damina don kada ruwa ya kwanta a kan soro. Wannan shi ne mafi arha, kuma shi ya fi kowane ceton kaya.

Na biyu shi ne tsayar da lalacewa. Abu ya fara ciwo, sai a hana ciwon ci gaba ba tare da an nemi mayar da shi sabo ba. Warƙar da ta yage a sa ta a tsakanin farar takarda mai tsabta a naɗe, a bar ta haka. Na uku shi ne maidowa, wato a mayar da abu kamannin da aka tabbata yana da su a da, bisa hujja, ban da ƙage. Wata takarda da masana gine-gine suka amince da ita a birnin Banis na Italiya a 1964 ta kafa sharaɗin cewa maidowa tana tsayawa a daidai inda zato ya fara. Na huɗu shi ne sake ginawa, abu ya tafi gaba ɗaya sai a yi wani a madadinsa. Ƙofofin Kano da dama da aka rushe domin faɗaɗa titi aka sake yi da siminti suna cikin wannan mataki. Suna riƙe mana suna da wuri, amma hannun magina na da ya fita daga cikinsu.

A kan waɗannan matakai akwai ƙa'idoji biyu. Ta farko, a taɓa daidai gwargwadon larura. Ta biyu, duk gyaran da za a yi ya zama wanda na baya zai iya warwarewa idan ya samu hanyar da ta fi.

Wannan ƙa'ida ta biyu ita ce muke karyawa kullum. Wata ɗalibata a makarantar matan aure ta taɓa kawo mini tsohon littafin fiƙihu na kakan maigidanta, tana murna ta gyara shi. Duk inda ya yage ta bi shi da salatif. Baiwar Allah da zuciya ɗaya ta yi. Amma salatif idan ya shekara gam ɗinsa yana nutsewa cikin takarda ya bar tabo ruwan ƙasa, ledar ta bushe ta faɗi, idan kuwa aka ce za a ɓare shi da wuri sai ya taso da rubutun. Wanda ya fi wannan muni shi ne kai tsohuwar takarda shago a liƙe ta cikin leda da injin zafi, domin daga ranar ta shiga kenan, babu mai fito da ita lafiya. Garin neman gira a rasa ido.

Haka abin yake a gini. Ginin ƙasa yana shan danshi yana fitarwa, shi ya sa magabata suke bin sa da yaɓe da makuba, abin da yake numfashi tare da shi. Idan aka shafe shi da siminti, ruwan da ya shiga ta tsaga ko ya taso daga ƙasa ba ya samun hanyar fita. Daga waje bango sumul, ciki kuwa tubali ya zama kunu, sai wata marka ta zo simintin ya ɓalle falle guda, wani lokaci da bangon gaba ɗaya. Mu da ke zaune inda ruwan ƙasa yake kusa mun fi kowa ganin haka. Idan maigida ya ce zai sa a yi wa tsohon zauren gidanku filasta, ki ba shi shawara cikin ladabi ya fara neman tsohon magini su yi magana.

Kada ki ɗauka wannan taka-tsantsan baƙon tunani ne. Ki duba tarihin Ɗakin Ka'aba. Ƙuraishawa sun sake gina shi kafin aiko Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, bayan ambaliya ta raunana shi, dukiyar halal da suka tara ta gaza, suka bar wani ɓangare a waje, shi ne Hijiru Isma'ila. Abdullahi ɗan Zubairu ya sake ginawa ya shigar da ɓangaren, bayansa Hajjaju ya mayar da shi yadda Ƙuraishawa suka bari. Malaman tarihi sun kawo cewa da wani halifan Abbasiyawa ya so ya sake rushewa ya gina, Imamu Malik ya hana shi, don gudun kada Ɗakin ya zama abin da kowane mai mulki zai rushe ya gina yadda ya so, kwarjininsa ya fita daga zukata.

Sahihanci

Kalmar da ta fi kowace jawo muhawara a tsakanin masana ita ce sahihanci, wato abu ya zama da gaske shi ne abin da ake cewa shi ne. Da farko Turawa sun fi auna shi da kayan gini: dutsen nan shi ne na asali ko an canza? To ginin ƙasa fa, da kowace shekara sai an ƙara masa sabon yaɓe? Babban masallacin Jenne a ƙasar Mali, wanda gininsa na yanzu na 1907 ne, duk shekara mutanen gari suke fitowa su yaɓe shi, maza na kwaɓa ƙasa suna hawa, mata na jido ruwa. Fatar bangon ba ta 1907 ba ce, amma babu mai cewa masallacin jabu ne. A taron da aka yi a Nara ta ƙasar Japan a 1994 aka amince cewa kowace al'umma a auna sahihancin kayanta da ma'auninta, kuma ana duba siffa, da hanyar aiki, da amfanin da ake yi da abin, ba kayan da aka yi shi da su kaɗai ba. Saboda haka rumbun da ake yi wa sabon yaɓe da sabon jinka kowace shekara sahihi ne. Akushin da aka shafa wa fenti mai ƙyalli don ya yi kyau a kanta, ya tashi daga akushin kakarki ya koma wani abu daban.

Isnadin kaya

Wannan kalma ba sai na wahala wajen bayani ba, kowace ɗalibar hadisi ta san isnadi: wane ya karɓo daga wane. Kayan tarihi ma suna da nasu, wato jerin hannayen da abu ya bi tun daga wanda ya yi shi. Kuma babban misalinmu mace ce. Bayan yaƙin Yamama, da aka rasa mahaddata da yawa, Sayyidina Abubakar ya sa Zaidu ɗan Sabitu ya tattara Alƙur'ani a takardu. Takardun suka zauna a wurinsa, suka koma wurin Sayyidina Umar, sannan suka koma ɗakin Nana Hafsa, Allah Ya ƙara musu yarda. Da Sayyidina Usman ya tashi yin kwafi domin aika wa garuruwa, wurinta ya aika aka karɓo, aka gama aka mayar mata. A nan ƙasarmu ma, rubuce-rubucen Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, gidan Wazirin Sakkwato ne ya riƙe su hannu da hannu, har aka samu damar tattara su aka buga a 1997.

Abu idan ya rasa isnadinsa ya rasa rabin darajarsa. Takobin da aka san na wane ne, a wane yaƙi aka riƙe shi, tarihi ne. Wanda ba a sani ba tsohon ƙarfe ne. Maganin wannan kuwa a hannunki yake, kuma ba ya cin ko sisi. Ki samu littafin rubutu, kowane tsohon abu na gidanku ki ba shi shafi: mene ne sunansa, wa ya yi shi, a wane gari, wa ya fara mallaka, ta yaya ya zo gidan, wa ya gaya miki. Ki tambayi surukarki da gwaggonni tun suna raye, ai ko ba komai hirar za ta ƙara muku danƙon zumunci. Ki ɗauki hotonsa da waya, ki tura wa wani ɗan'uwa da ke wani gari, don kada waya ɗaya ta faɗa ruwa komai ya tafi. Idan za ki naɗi muryar tsohuwa tana ba da labari ko tana waƙar daka, ki nemi izininta, ki faɗi sunanta da ranar a farkon naɗin. Kada ki yi rubutu da biro a jikin kayan. Idan littafi ne, ki duba shafin ƙarshe, sau da yawa marubuci yana sa sunansa da na wanda ya rubuta wa. Ki ɗaga warƙa ɗaya a hankali wajen haske, wataƙila ki ga alamar jinjirin wata uku a cikin takardar. Irin wannan takarda daga Italiya ake kawo ta ta hanyar Sahara, kuma da ita aka rubuta littattafai masu yawa a ƙasar nan a ƙarni na 19.

Abin da aka tono daga ƙasa kuwa, isnadinsa shi ne wurin da yake kwance. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da itace a ƙarƙashin ƙasa. Aka sanar da hukuma, masana daga jami'ar Maiduguri da ta Farankfot ta Jamus suka tono shi a 1994. Ashe kwalekwale ne mai tsawon fiye da mita 8, wanda awo ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000, mafi tsufa da aka sani a Afirka. Da an fizgo shi ranar da aka gan shi an jefar a rana, da ya tsattsage ya ƙare a murhu. Idan yaranki ko masu haƙar ƙasa suka ci karo da tsofaffin tukwane ko makamancinsu, a bar su a inda suke a sanar da mai unguwa.

Sai batun masu yawo gida-gida suna neman tsofaffin tasoshi da littattafai da kayan doki, su ba ki 'yan kuɗi ko sabbin kwanuka. Ki sani dokar Nijeriya ta 1979, wadda ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, ta hana cinikin kayan tarihi sai ta hannun wanda hukumar ta amince masa, ta kuma hana fitar da su waje ba da izini ba. Abin da ya fita dawowarsa wuya. Kayan Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897, sai a 2022 Jamus ta fara maido da waɗanda suka faɗa hannunta. Idan riƙon littattafai ya fi ƙarfin gida, akwai wuraren da aikinsu kenan, kamar Arewa House a Kaduna da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. A je da shawarar dukkan masu haƙƙi, kuma a karɓi takardar shaida.

Idan ruwa ya zo

Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 a ƙasar Hadejia ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Masana suna da abin da suke kira shirin ko-ta-kwana, wato tun kafin masifa a san me za a fara ɗauka, wa zai ɗauka, ina za a kai. Mutanen Timbuktu sun nuna amfanin haka a 2012 da 2013, lokacin da iyalai suka riƙa fitar da dubban littattafan gidajensu a ɓoye cikin akwatunan ƙarfe, wasu a mota wasu a jirgin ruwa, zuwa Bamako.

A lokacin zaman lafiya, littafi da tsohon zane a naɗe su da farin ƙyalle na auduga wanda aka wanke, ba jarida ba, domin jarida tana rina takarda ta sa ta gautsi. Kada a ɗaure su cikin leda shekara da shekaru, leda tana riƙe gumi, gumi kuma shi ke kawo funfuna. Kada a fesa musu fiya-fiya. Da hunturu a fito da su a inuwa su sha iska, a duba ko gara ko asu sun shiga. Amma da zarar Agusta ta kama aka fara jin labarin kogi yana cika, to a nan leda take da rana: a saka su ciki a ɗaure, a haɗa da takardun gona da na makarantar yara a jaka guda wadda kowa a gidan ya san inda take, idan hali ya yi a kai ta gidan 'yan'uwa da ke tudu tun kafin hanya ta yanke. Ruwa na janyewa a kwance ledar.

Idan kuwa ƙaddara ta riga fata littafi ya jiƙe, kwana biyu zuwa uku kike da su kafin funfuna ta kama. Kada ki shanya a rana, kada ki kai kusa da wuta, kada ki goga da tsumma, domin tawadarmu ta gargajiya da ƙaro ake haɗa ta, ruwa yana narkar da ita kamar yadda yake wanke allo. Ki shimfiɗa farin zane a ɗaki mai iska, ki jera warƙoƙin da suka rabu da kansu ɗaya bayan ɗaya yadda suke a jere, kina canza zanen idan ya jiƙe. Waɗanda suka manne da juna kada ki ɓamɓare da ƙarfi, ki bar su su sha iska a haka har a samu wanda ya san aikin. Idan jerin ya rikice kada hankalinki ya tashi: ki duba can ƙasan shafi ta gefen hagu, za ki ga marubucin ya ajiye kalma ɗaya ita kaɗai, ita ce kalmar da warƙa ta gaba take farawa da ita, da ita za ki bi ki mayar da kowace wurinta.